Tsohon da ya koya mini dafa dutse

Ina roƙo ku ba ni aron wannan fili in yi ta'aziyyar wani tsoho wanda babu ko ɗaya daga cikinku da ya san shi. Ba Bahaushe ba ne, ba ɗan Nijar ba ne, bai ma taɓa taka ƙasarmu ba. Mutumin Kurobo ne, a kudu maso gabashin Gana, kuma sana'arsa ita ce narkar da fasassun kwalabe ya mai da su duwatsun ado. Ya riga mu gidan gaskiya cikin watan Maris na 2024, yana da shekara kusan 90. Ba zan kama sunansa ba, domin a gidanmu ɗa ba ya kama sunan uba. Baba nake ce masa, shi kuwa har ya koma ga Mahaliccinsa bai kira ni da wani suna ba sai Mai Albasa.

Ga asalin sunan. Cikin watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa da ake saye tamma 50 ya koma tamma 100. Ma'aikatan da ke cikinku ba su manta yadda albashi ya narke musu a hannu ba. Mu kuwa mutanen Galmi da Madawa sai muka ga kakarmu ta yanke saƙa, domin albasarmu ta yi araha ga ƙasashen da ba su cin sefa. Shekarata 22 a lokacin. Na sayar da gonar da na gada da shanu biyu, na haɗa jika 400, na shiga tarayya da mutum uku muka cika kamiyo. Muka bi ta Yamai da Fada Ngurma da Bitu, muka shiga Gana ta Bawku. Bayan mun wuce Tamale motar ta lalace, muka yi kwana 9 a bakin hanya muna jiran ƙarfe daga Kumasi, ruwan sama yana dukan buhuna. Ko da muka isa kasuwar albasa ta Agbogbloshi a birnin Akra, wadda aka tasa daga wurin a 2021, hanci ya riga ido sanin labari. Abin da ya rage mini bai kai kuɗin motar komawa gida ba. Ko da ya kai ma, da wane ido zan dubi mahaifiyata?

Wani ɗan garinmu da ke zaune a zangon Koforiduwa ya ba ni wurin kwana, na shiga dako. A garin nan akwai kasuwar duwatsun ado da ke ci duk ranar Alhamis, inda masu yi da masu saye ke haɗuwa daga ko'ina, har da Hausawa dillalan tsofaffin duwatsu. Wata Alhamis na ɗauki kwandon wani dattijo daga tasha zuwa rumfarsa. Da na sauke, sai ya matso ya shinshina rigata, ya ce da Hausa: "Kai, mai albasa, ina albasar?" Na ce ta ruɓe. Ya ce: "To, zo ka koyi abin da ba ya ruɓewa."

Hausarsa ta zango ce, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba. Ya koye ta yana saurayi, lokacin da ya yi lebura tare da ƴan arewa wajen ginin madatsar ruwa ta Akosombo a kan kogin Bolta, tsakanin 1961 da 1965. Da aikin ya ƙare ya koma sana'ar iyayensa a wani ƙauye kusa da Odumase. Can na bi shi, na yi shekara huɗu a gidansa. Ya ba ni ɗaki, ya ware mini tukunya, kuma shi da ke zuwa majami'a duk Lahadi, in ya ga inuwa ta juya shi ne ke ce mini in ajiye aiki in je in yi salla.

Aikin farko da ya ba ni wanki ne. Wata uku ina wanke kwalabe, ina kankare takardun jikinsu, ina ware su launi-launi: kore gefe, ruwan ƙasa gefe, fari gefe. Shuɗi kuwa, irin na kwalaben magani, cikin akwati ake kulle shi saboda ƙarancinsa. Daga nan sai daka. Ni da ban taɓa riƙe taɓarya a gidanmu ba, ga ni da ƙyalle ɗaure a hanci ina dakan kwalba cikin turmin ƙarfe, ina tankaɗe ta da rariya har ta yi laushi kamar garin tuwo. Ƴan matan gidan suka yi ta dariya har suka gaji.

Wanda ya san aikin Masaga na Bida a ƙasar Nufe ya san yadda suke naɗa narkakken gilashi a jikin sandar ƙarfe. Na Kurobo daban yake. Suna da mazubai na yumɓu, kamar ƴan faya-fayai masu ramuka. Ana tsoma su cikin ruwan farar ƙasa don kada gilashi ya manne musu. A tsakiyar kowane rami a kafa ɗan tsinken ganyen rogo, a zuba garin kwalba kewaye da shi, launi bisa launi, gwargwadon zanen da ake so. In an sa a wuta garin ya haɗe ya zama jiki ɗaya, tsinken ya ƙone ya bar ƙofar da zare zai bi. Tandar da ƙasar suri ake gina ta, domin ita ke jure wuta, a shimfiɗa tsofaffin ƙarafan mota a ciki inda mazubai za su zauna. Duwatsun gari sukan yi minti 20 zuwa 30 a wuta. Akwai kuma waɗanda ake yi da ɓarɓashin kwalba ba tare da an daka ba, masu barin haske ya ratsa su. Su sun fi son wuta da daɗewa, kuma da basilla ake huda su tun suna da taushi, a jujjuya su cikin rami har su yi kewaye. Masu awo sun ce zafin yakan wuce digiri 600, wani lokaci ya doshi 1000. Baba ba shi da ma'auni. Launin cikin tanda yake duba, daga ja mai duhu zuwa ruwan goro, ya ce a ƙara icce ko a janye.

Duk wannan na iya shi cikin shekara ɗaya. Abu biyu ne suka fi ba ni wuya, kuma a kansu ya fi tsanantawa. Na farko, ba kowane gilashi ke zama da ɗan'uwansa ba. Kowanne da yadda yake buɗewa in ya ji zafi, da yadda yake tsukewa in ya huce. In ka haɗa biyu da ba su dace ba, za su narke tare lafiya lau, amma wajen hucewa ɗaya ya ja ɗaya, dutsen ya tsage. Baba yakan ce kwalba ma tana da dangi. Daga baya na ji cewa masu irin wannan sana'a a Turai da Amurka sukan sayi gilashin da aka riga aka gwada dacewarsa, kamar wanda kamfanin Bullseye na birnin Portland ya fara fitarwa a farkon shekarun 1980. Shi kuwa da kauri da nauyi da ƙarar da kwalba ke yi in ya ƙwanƙwasa ta yake ganewa, da kuma tunawa da abin da ya taɓa fashe masa.

Na biyu shi ne hucewa. In duwatsu sun fito daga wuta, a cikin mazubi ake barin su wajen sa'a guda, manyan kuwa a jingine su kusa da tanda su huce tare da ita. In aka gaggauta, bayan dutsen ya sandare alhali cikinsa da sauran zafi, sai ciwo ya kwanta a ciki inda ido ba ya gani. Dutsen zai yi kyau, a goge shi bisa dutsen niƙa da rairayi da ruwa, a shafa masa mai, ya yi ƙyalli kamar sauran. Sai bayan kwana goma ko wata guda, a wuyan mai shi, ya rabe biyu. Ranar da na gaya wa Baba cewa Hausawa na cewa mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce ashe Hausawa sun san sana'arsa. Sa'an nan ya ce dafawar kowa ma ya iya, jiran ya huce ne ke raba masu sana'a.

Sai da na ga bikin Dipo na gane dalilin tsananinsa. Duk shekara wajen Afrilu da Mayu ake yi wa ƴan matan Kurobo wannan biki na shiga sahun manya, a fito da su da duwatsu jere-jere a wuya da hannu da ƙugu, nauyinsu har yana canza musu tafiya. Yawancin duwatsun na gado ne. Akwai waɗanda aka sauko da su daga bisa dutsen Kurobo a 1892, shekarar da Turawan Ingila suka kore su daga mazauninsu na can sama. Akwai tsofaffin da fatake suka kawo daga Benis ta Italiya, akwai kuma manyan rawaya da ake kira bodom, waɗanda ake ɓoyewa kamar zinariya. A wurinsu dutse dukiya ce da uwa ke bar wa ɗiya, kuma ana jinginar da shi ranar wuya. Wata tsohuwa ta nuna mini jigidar jikarta, ta ce wannan layi mahaifin Baba ne ya yi shi. Mutumin ya daɗe da zama ƙasa, amma ana kiran sunansa a kan aikinsa.

Yanzu na zo wurin da ya sa na ɗauki alƙalami. Jinin kasuwanci bai bar ni ba. Tun a shekara ta uku na fara ɗaukar kayan Baba ina kaiwa Akra da Lome, ina ganin yadda abin da ya sayar mini a kasuwar Agomanya ke ninka kuɗinsa sau huɗu ko biyar a hannun baƙi. A 1998 na samu rumfa a bikin baje kolin sana'o'in hannu na Wagadugu, wanda aka fara a 1988. Na lissafa ina bukatar layi 600. Baba ya ce tandarsa ba ta ba da fiye da 250 kafin ranar. Na ce a ƙara wuta, a rage jira. Ya ce a'a. Na ce ni ne mai kawo kasuwa. Ya dube ni ya ce: "Mai Albasa, kai kake kawo kasuwa, amma sunana ake saye."

Sai rasuwa ta kira shi wani ƙauye, ya yi kwana huɗu. Na tara samari biyu, muka hura tanda dare da rana. Da shuɗi ya ƙare na haɗa da wani kakkauran gilashi da na tsinto a juji, ban san asalinsa ba. Mazubi na fitowa sai mu juye shi, mu watsa duwatsun cikin ruwa da ɗuminsu, mu mai da mazubin wuta. Waɗanda suka fashe nan take na zubar. Waɗanda suka tsira na goge, na jera, na haɗa da na Baba. Kafin ya dawo na ɗaure kayana na kama hanya.

A Wagadugu na sayar da kome, ina gaya wa kowa aikin tsohon Odumase ne. Tun kafin a tashi daga bikin wasu suka fara dawowa da ɓarɓashi a tafin hannu. Na mayar wa biyu kuɗinsu, sauran na ɗora wa sanyin dare da girgizar mota. Na tattara ribata na wuce Yamai, ban koma Gana ba. Da kuɗin nan na buɗe shagon da nake ciki har yau, na yi aure, na fanshi gonar mahaifina. Mutanen garinmu suka ce yaro ya tafi da albasa ya dawo da arziki.

Shekara 11 ban taka ƙofar Baba ba. Ina sayen duwatsu a wurin wasu, in an ambaci Odumase in kawar da zance. A 2009 na yi ƙarfin hali na je, da turmin atamfa da buhun albasa. Na tarar idonsa ya fara rauni, ɗiyarsa ta biyu ce ke kula da tanda. Ya ji muryata ya ce: "Yau dai albasar ta iso." Ya sa aka yi mini abinci cikin tukunyata ta dā. Na kwana biyu ina neman bakin da zan fara, shi kuma bai tayar da maganar ba. Na ce wa kaina wataƙila bai sani ba. Na dawo da nauyina kamar yadda na tafi da shi. Bayan haka nakan aika masa da ɗan abin goro in an samu mai zuwa, muna gaisawa ta waya lokaci-lokaci.

Da ɗiyarsa ta kira ni da labarin rasuwar, na ce shi ke nan, ko jana'iza ba zan samu ba. Na manta cewa a can ba a binne babban mutum ranar da ya mutu. Ana ajiye gawa makonni, har dangi su taru. Da a ƙasarmu ne da sai dai in je gaisuwa. A lokacin gadar Gaya a rufe take tun bayan abubuwan da suka faru a 2023, sai da kwalekwale na ƙetare kogin Isa zuwa Malanbil, na bi ta Kwatano da Lome na shiga Gana. Na tarar da gida cike da mutane cikin fararen tufafi, kamar yadda suke yi wa wanda ya cika shekarunsa, kowa da duwatsu a wuya. Waɗanda suka koyi sana'a a hannunsa suka jeru wuri ɗaya, mun fi 20, har da mata, domin a ƙarshen rayuwarsa ya koya wa mata aikin tanda da a dā maza ke yi. Ni kaɗai ne baƙo.

Bayan an watse ɗiyar ta kira ni bayan gida, wurin tanda. Ta ce mini: "Yaya, akwai saƙonka." Ta ba ni labarin da ban sani ba. Wata biyu bayan bikin Wagadugu, wata ƴar kasuwa daga Abijan, wadda ta daɗe da sanin aikin Baba, ta zo har kasuwar Koforiduwa ta zazzage masa fasassun duwatsu a gaban rumfa, gaban jama'a. Layi 80 ta saya a hannuna. Baba ya tsugunna ya tsince su ɗaya-ɗaya. Bai ce ba aikinsa ba ne. Ya ce daga tandarsa suka fito, kuma wanda ya yi su ɗansa ne. Ya yi wata biyar yana biyan matar da sababbi, ba ta ƙara ko sisi ba. A shekarar nan ƙaramin ɗansa ya zauna gida zango guda saboda kuɗin makaranta.

Sa'an nan ta miƙo mini layi ɗaya, ƙananan duwatsu masu launin toka-toka, ba su da wani kyau. Ta ce ɓarɓashin nawa ne. Baba ya ware baƙon gilashin ya zubar, ya sake daka sauran, ya sake zubawa, ya bar su suka huce yadda ya kamata. Ya ce a ajiye mini. Ta ce a 2009 ya yi niyyar ba ni, amma ya ga ban shirya karɓa ba. Na zauna a kan kututturen da nake zama in yi daka shekara 30 da suka wuce, na yi kukan da ban yi ba ko ranar da albasata ta ruɓe.

Ƴan'uwana ƴan kasuwa, ban kawo wannan labari don in wanke kaina ba, wanda zai yafe mini ya riga ya tafi. Na kawo shi ne domin na san ba ni kaɗai ba ne. Dukanmu da ke cin abinci da aikin hannun wasu, ko fatun dukawan Damagaram ne, ko azurfar maƙeran Agadas, ko tukwanen Mirya da Bubon, mun san yadda muke yi. Mu je wa mai sana'a da oda mai yawa da kwana kaɗan, mu matse kuɗin har ya rasa yadda zai yi sai ya rage jima ko ya ƙara gami, sa'an nan mu sayar da sunan garinsa da na iyayensa. In kaya sun lalace mu muna da wata hajar da za mu koma wa. Shi kuwa sunan nan kaɗai gare shi. Ku kuma ma'aikata da ke zuwa Wadata ko gidan tarihi na Yamai sayen tsaraba ga baƙi, in mai sana'a ya ce muku sai mako mai zuwa, kada ku ɗauka raini ne. Wataƙila shi ne mai gaskiyar cikinsu.

Na lissafa kuɗin layi 80 a farashin yau na kai wa ɗiyar. Da farko ta ƙi, ta ce Baba bai bar bashi a kaina ba. Muka daidaita a kan a sayi icce da farar ƙasa da shi, a ɗauki yara biyu su koyi aiki. Yanzu daga wurinta nake sayen kaya, a farashin da ta faɗa, a ranar da ta ce za su yi. Kowane layi a shagona akwai ƴar takarda a jikinsa da sunan wanda ya yi shi. Wasu abokai suna ce mini in gina tanda a nan, tun da kwalabe sun cika mana kwatoci. Ina tunanin abin, amma iccen da tanda ke ci ya fi ƙarfin dajinmu, sai in an samu wata dabarar wuta.

Layin nan mai launin toka yana rataye a ƙusa bayan teburina. Masu saye sukan tambayi kuɗinsa, in ce ba na sayarwa ba ne. Shekara fiye da 25 ke nan da Baba ya sake dafa shi, ko ɗaya bai tsage ba.

Allah ya ba iyalinsa haƙuri, ya albarkaci tandar da ya bari. Mu kuma da iyayen gidanmu ke raye, Allah ya ba mu ikon zuwa mu faɗi abin da ke bakinmu tun suna ji.